Idan Gabanka Ya Faɗi

Ɗana, akwai wata magana da mutanenmu ba sa son yin ta a fili, alhali ta cika gidaje. Maganar faɗuwar gaba ce. Ba ina nufin wadda kan zo idan mota ta kusa kaɗe ka ba, wannan kowa ya san ta, kuma tana wucewa da wucewar motar. Ina nufin wadda kan shigo ba sallama, kana zaune lafiya lau. Ke ma 'yata matso kusa, domin abin ya fi kama mata, sai dai a ɗakunanku ne aka fi binne shi.

Ga yadda takan zo. Mutum yana matse a cikin motar haya, ko yana tsaye a sahu ranar Juma'a, sai ya ji zuciya ta fara dukan uku-uku. Numfashi ya koma sama-sama. Tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe, yatsu da leɓe su sage, jiri ya ɗebe shi. Ya ce a ransa, shi ke nan, ajali ya zo. Cikin kamar minti goma abin ya kai ƙololuwa, sannan ya fara sauka, ya bar shi tiɓis da gajiya. Washegari ya nufi kyamis. Wannan ya ce olsa ce, wancan ya ce taifot. A auna jini a ce lafiya lau. A gida inna ta ce iska ce, gwaggo ta ce sammu. Abokai kuwa su ce, "Kai ma ka cika tunani, ka yi tawakkali mana." Daga nan ya daina shiga motar haya, ya koma sallah a bakin ƙofar masallaci, ya riƙa kwana yana sauraron ƙirjinsa.

Wani kuma ba ta zo masa farat ɗaya haka. Shi kullum a ɗaure yake: wuya ya sandare, kai ya yi nauyi, ciki na juyawa, barci rabi da rabi, ƙaramin motsi ya zabura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ke samun magani. Saboda haka idan kana cikinsu, ka daina ganin kanka bare.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, jikin da ya firgita ba ya jin hujja. Ka taɓa ganin wanda aka ce wa "kwantar da hankalinka" hankalinsa ya kwanta? Wanda gabansa ke faɗuwa ya san babu zaki a ɗakin. Ya faɗa wa kansa haka sau ba adadi. Ɓangaren da ya ta da ƙararrawar ba da magana yake aiki ba, da bugun zuciya yake aiki, da numfashi, da ɗaurewar tsoka. Don haka ta nan ake fara shigarsa. Magana tana da nata lokacin, amma daga baya.

Bari in ɗan buɗe maka cikin jikin. Akwai jijiyoyin da ke tafiyar da zuciya da huhu da hanji da gumi ba tare da sun nemi izininka ba, kana barci ma suna aiki. Rassa biyu ne, kuma aikinsu aikin ƙaimi da linzami ne a jikin doki. Reshen ƙaimi shi ke zaburar da kai in an hango haɗari. Sai a zubo sinadarin adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, jini ya bar hanji ya nufi cinya da damtse, ido ya buɗe, yawu ya ƙafe. Wani masani na Jami'ar Harvard a Amurka, Walter Cannon, shi ya bayyana wannan a 1915, ya ce shiri ne na ɗayan biyu, ko dai faɗa ko gudu. Duk abin da ka ji a motar haya yana cikin shirin nan. Cikin da ya juya, narka abinci aka dakatar. Ƙafar da ta yi rawa, tsoka ce aka ɗana don gudu, ba a kuwa gudu ba.

Reshen linzami kuma babbar jijiyarsa ita ce wadda likitoci ke kira bagus. Daga gindin ƙwaƙwalwa take fitowa, ta bi wuya ta sauka zuciya da huhu har hanji. In da za a bar zuciya ita kaɗai, wajen bugu ɗari za ta riƙa yi a minti. Wannan jijiya ce ke riƙe da ita a tsakanin sittin da tamanin idan kana hutawa. A 1921 wani masani mai suna Otto Loewi, a birnin Graz na Ostiriya, ya ɗauki zukatan kwaɗi biyu suna bugawa cikin ruwan gishiri. Ya tsokani jijiyar bagus ta ɗaya, ta rage gudu. Ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma ta rage gudu ba tare da an taɓa jijiyarta ba. Nan aka gane cewa sinadari ne jijiyar ke saki, kuma aikin ya ba shi kyautar Nobel a 1936. Na kawo maka labarin kwaɗin ne don ka san natsuwa abu ce da ake iya aunawa, tana da jijiyarta, tana da sinadarinta.

Akwai kuma wani abu. Kusan kashi tamanin cikin ɗari na zaren wannan jijiya daga jiki suke kai rahoto zuwa ƙwaƙwalwa. Wato ƙwaƙwalwa ta fi sauraro a kan ba da umarni. In rahoton da ke zuwa mata shi ne ƙirji na haki, kafaɗa a ɗage, haƙora a cije, sai ta yanke hukuncin cewa lallai akwai haɗari, ta shiga nemo shi. Kuma ba za ta rasa ba, ga kuɗin haya, ga kuɗin makaranta, ga hanyar da za ka bi gobe. In ka sauya rahoton, hukuncin ma yakan sassauta.

Zuciya ba ta karɓar umarninka, hanji ma haka. Numfashi ne kaɗai yake tafiya da kansa kuma yake yarda ka karɓe shi. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka yanzu, ka nemo bugun. Ja iska a hankali, za ka ji ya ɗan ƙara sauri. Sake ta a hankali, za ka ji ya ɗan lafa. In kai matashi ne za ka fi jin bambancin, mu da muka manyanta sai mun kasa kunne. Duk lokacin da kake fitar da iska, linzamin nan ne ke ja. Sirrin kenan, ba wani abu ba: fitar da iska ta fi shaƙar ta tsawo.

A nan nake so ka kula, domin nan ake yawan yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Mutum na haki sai a ce masa, "Ja dogon numfashi!" Shi kuwa dama jan iskar ne ya yi masa yawa. Mai firgici yana numfashi da sauri, yana zubar da iskar kabon fiye da kima. In ta yi ƙaranci a jini, sai hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, jiri ya zo, yatsu su sage, ya ji kamar iska ba ta isarsa. Sai ya ƙara ja, abin ya ƙara ta'azzara. Ba iska ya rasa ba, saurin ne ya yi yawa. Kuma kada ka yarda da dabarar nan ta yin numfashi cikin leda ko takarda. In abin da ke damun mutum asma ce ko zuciya, za ka ƙara masa wahala.

Ga yadda za ka yi. Zauna, ka jingina bayanka da bango, tafin ƙafa a ƙasa. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ba da ƙarfi ba, ka bar hannun cibiya ya taso, na ƙirji kuwa ya zauna wuri ɗaya. Sannan ka tsuke leɓe ka sake ta siriri kana ƙirga shida. Huɗu da shida goma kenan, numfashi shida a minti, alhali wanda ke zaune yakan yi tsakanin sha biyu da ashirin. In shida ta yi maka nisa, fara da uku da huɗu, ba gasa ake yi ba. Minti na farko ba za ka ji komai ba, wataƙila ma ka ji haushi. Zuwa na uku ko na huɗu za ka ji yawu ya dawo baki, kafaɗa ta sauko, ciki ya yi ƙugi, wani lokacin hamma ta zo. Alamun kenan.

Akwai kuma ajiyar zuciya, wadda jiki ke yi da kansa. Dubi yaron da ya gama kuka: ya ja iska, ya ƙara jan wata 'yar kaɗan a kai, sannan ya sake duka a hankali. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum ɗari da 'yan kai, inda wasu suka riƙa yin wannan da gangan minti biyar kullum har wata guda. Waɗanda suka yi sun fi samun daɗin rai a kan waɗanda aka sa su zauna shiru suna lura da numfashinsu kawai. Gwajin ƙarami ne, kuma ba majinyata aka tara ba, don haka kada ka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Amma abu ne da ba ya cin ko sisi.

Inda yawancinku kuke faɗuwa shi ne, kuna jira sai abin ya taso sannan ku tuna da numfashi. A lokacin kuwa hankali ya riga ya tashi, ƙirgen ma ba zai yiwu ba. Yi shi kana lafiya, minti biyar bayan asuba, minti biyar kafin barci, kullum, har jiki ya haddace hanyar. Ka ba shi makonni kafin ka ce bai yi ba.

Sai tsoka. Wani likita a Shikago, Edmund Jacobson, ya lura cewa masu fargaba suna yawo da tsoka a ɗaure ba su ma sani ba, sun saba har suna jin haka ne daidai. A 1929 ya fitar da littafi kan hanyar da ya tsara, har yau kuma ana amfani da ita a asibitoci, an dai taƙaita ta. Kwanta a tabarma. Dunƙule hannun dama tamau ka ƙirga biyar, ka ji yadda ɗaurewar ta bi damtse. Sake shi gaba ɗaya, ka tsaya kamar daƙiƙa ashirin kana jin ɗumi da nauyin da suka shigo. Wannan tsayawar ita ce darasin, kada ka yi gaggawar wucewa. Koma hagu. Ɗaga kafaɗu zuwa kunne ka sake. Yamutsa fuska, cije haƙora, ka sake, ka bar harshe ya kwanta. Ciki, cinya, har yatsun ƙafa. Wurin da ke da rauni ko ciwo ka tsallake shi. Bayan kwanaki za ka fara kama kanka da rana tsaka, a shago ko a ofis, kafaɗarka na kusa da kunne ba dalili. Da ka kama ka sauke.

Ruwan sanyi ma yana da aiki. In ya taɓa fuska, musamman goshi da kewayen ido, jiki yakan rage bugun zuciya da kansa, irin abin da yake yi in mutum ya nutsa cikin kogi. Ruwan randa ya isa. Mai ciwon zuciya dai kada ya tsoma fuska a ƙanƙara sai ya tambayi likita.

Za ka ce ai wannan duk na Turawa ne. Su suka auna, suka rubuta, amma ba su suka fara lura ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, ya ware babi kan tsoro da firgici, da fushi, da baƙin ciki, da waswasi, yana nuna yadda ciwon rai ke taɓa jiki, na jiki kuma ke taɓa rai. A Sunan Abu Dawud an ruwaito cewa wanda ya fusata yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, an kuma ruwaito ya yi alwala. Fushi da tsoro kuwa jijiya ɗaya ke ɗauke da su. Ka tuna kuma da farkon wahayi kamar yadda ya zo a Bukhari, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo gida zuciyarsa na kaɗawa, ya nemi a lulluɓe shi. Ban kawo wannan don kwatanta shi da larurarmu ba, Allah ya tsare. Tsarin da Nana Khadija ta bi nake so ka duba. Ta lulluɓe shi har firgicin ya tafi, sannan ya ba ta labari, sannan ta ƙarfafa masa zuciya da magana. Wanda ya san wannan ba zai dubi ɗan'uwansa da jiki ke rawa ya ce masa imaninsa ne ya yi rauni ba. Masu faɗin haka ba mugunta suke nufi ba, amma suna ɗora wa mutum kunya a kan ciwo, kunyar kuma ita ke hana shi zuwa asibiti.

Sallar da aka yi da natsuwa, wadda ake bari kowace gaɓa ta zauna a ruku'u da sujada, da karatun da ake jan aya a numfashi ɗaya, da zikirin da ake yi a hankali, duk suna tsawaita fitar iska. Ba don haka aka shar'anta su ba, kuma ba na so ka mai da ibada motsa jiki. Ina dai cewa mai ƙwanƙwasa goshi sau biyu ya miƙe ya yi asara ta fuska biyu.

Jikin da aka shirya don gudu yana son ya motsa. Yi tafiya da sauri har ka ɗan yi gumi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Manomi da mai daka da mai ɗebo ruwa sun riga sun biya wannan, ku masu zaman shago da ofis nake yi wa magana. Sannan ka dubi abin da kake zuba wa cikinka. Goro, da shayin nan mai kauri da ake dafawa a ƙaramar buta zagaye uku, da kofi, da lemukan ƙara kuzari na gwangwani, duk suna ɗauke da kafeyin, wanda ke sa zuciya gudu da hannu rawa. Rabinsa yakan ɗauki wajen awa biyar kafin ya bar jini, don haka shayin bayan magariba yana nan tare da kai a kan gado. Kada ka yanke rana ɗaya, ciwon kai zai kama ka. Rage a hankali. Ita kuma waya, bidiyon gawarwakin da ake turowa a WhatsApp ƙarfe sha ɗayan dare, ka buɗe ka kalla sannan ka ce barci ya ƙi, wa ka ga ya yi barci a kan haka? Kallonka bai taimaki mamacin da komai ba. Yi masa addu'a ka goge.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. A cikinmu akwai waɗanda fargabarsu ba daga iska ta faɗo ba. Wanda ya kwana a daji a Zamfara ko Katsina yana jin harbi, wadda ta gudo daga ƙauyenta a Borno da goyo a baya, wanda aka tare a hanya aka yi watanni da shi. An dawo, an yi barka, an ce a manta. Jiki kuwa bai manta ba. Matar tana tsakar gida a cikin birni tana tankaɗe, babura uku su wuce a jere, sai rariya ta faɗi, ta ƙame, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Wannan ƙamewar hanya ce ta uku bayan faɗa da gudu, jiki ke zaɓar ta in ya ga biyun ba za su yiwu ba, kuma ba ya shawara da mai shi. Na faɗi haka ne saboda mazajen da ke cin kansu da cewa ranar da aka shigo sun sandare ba su yi komai ba. Ba ragwanta ba ce.

Ga irin waɗannan, abin da na koya maka a sama yana iya juyewa. Ka ce matar nan ta rufe ido ta saurari ƙirjinta, sai ka mai da ita daren da ta gudo. Ita ido a buɗe za ta fara, hankali a waje. Ta taka ƙasa da ƙarfi ta ji sanyin siminti. Ta dubi abin da ke gabanta ta ambace shi da baki: ga turmi, ga igiyar shanya, ga buta shuɗiya. Ta faɗi sunan unguwar da ranar da ake ciki. Ta riƙe kofin ruwa ta kurɓa. Kaɗan-kaɗan, in ya yi yawa a tsaya. Kuma kada kowa ya matsa mata sai ta ba da labari.

A Amurka an gina makarantu sukutum a kan wannan fahimta, cewa jiki ba ya mantawa. Peter Levine ya tsara hanyar jinya da ke bin abin da mutum ke ji a jikinsa daki-daki. Stephen Porges ya kawo nazarinsa kan jijiyar bagus a 1994. Littafin Bessel van der Kolk na 2014 kan yadda jiki ke riƙe tabon tashin hankali ya karaɗe duniya. Sun yi abin kirki, sun tuna wa likitoci cewa majinyaci ba kai kaɗai ba ne. Amma in gaya maka gaskiya, nazarin Porges masana da yawa suna jayayya da sassansa, kuma gwaje-gwajen da aka yi wa hanyar Levine ba su kai yawan waɗanda aka yi wa jinyar gyaran tunani da ɗabi'a ba, wadda ita ce ta fi ƙarfin hujja a kan fargaba. Saboda haka in ka ga wani a TikTok yana cewa zai saita maka jijiya cikin kwana bakwai in ka tura kuɗi, ko yana tallar wata na'ura da ake mannawa a wuya, riƙe kuɗinka.

Wani tarko kuma, kada numfashin ya zama sabuwar hanyar gudu. Fargaba da kaucewa take ƙiba. Ka daina shiga mota ka ji sauƙi, gobe kasuwa ma ta gagare ka, jibi ƙofar gida. Amfanin natsar da jiki shi ne ka samu ƙarfin komawa inda kake tsoro. Shiga motar, tasha ɗaya tak, ka zauna bakin taga. Zuciya za ta buga, bar ta ta buga, kada ka sauka sai ta fara lafawa da kanta. Gobe tasha biyu. Masu jinyar ma har sukan sa majinyaci ya hau bene da gudu ko ya juya a kujera da gangan, don ya ji bugun da jirin a wuri mai aminci, jikinsa ya koyi cewa ba sa kisa.

In kuma wani ne abin ya kama a gabanka, matarka ko ƙaninka, kori 'yan kallo tukuna. Kada a taru a kansa ana salati da ƙarfi ana yayyafa ruwa ana jijjiga shi. Zauna daidai tsayinsa, ka sassauta murya, ka ce, "Ina nan, zai wuce." Yi naka numfashin a hankali yadda zai gani, ka ce ya bi ka. Tambaye shi kafin ka taɓa shi. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin a rubuta shi: jariri ya tsorata, a goya shi, a riƙa jijjigawa a hankali ana bubbuga baya, sai ya yi luf. Babba ma jikinsa yana ɗaukar natsuwa daga na kusa da shi, yana kuma ɗaukar ruɗewa.

Ina roƙonka da girman Allah, ka nisanci ƙwayar da za a miƙo maka a kyamis ba takardar likita. Diyazefam da danginta suna kwantar da jiki cikin rabin awa, shi ya sa suke da haɗari. Makonni kaɗan jiki ya saba, ɗaya ta daina isa, ranar da ka bari kuma fargabar ta dawo ninki, wani har da farfaɗiya. Tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigowa da shi a 2018, sun cinye samari da matan aure da yawa waɗanda asalin abin da suke nema barci ne da sauƙin ƙirji. In ka riga ka saba da ɗayansu, kada ka yanke da kanka, likita ne zai sauke ka mataki-mataki.

Kuma kada ka yanke wa kanka hukuncin cewa fargaba ce tun ba a duba ka ba. Ƙarancin jini, da cutar maƙoƙo mai sa zuciya gudu, da asma, da faɗuwar sukari, da ciwon zuciya na gaske, duk suna iya zuwa da wannan kama. Ciwon ƙirji mai danna mutum yana bin hannu ko muƙamuƙi, ko suma, ko haki in an ɗan yi tafiya, wannan asibiti ne a take, ba zaman ƙirga numfashi ba. Haka in abin ya shafe makonni yana hana ka aiki ko barci, ko mafarkin abin da ya faru ya ƙi barinka, ko mai jego ta kasa samun sukuni bayan haihuwa. In kuwa har ranka ya fara raya maka cewa gara mutuwa, yau za ka faɗa wa wani, yau za a kai ka.

Wuraren suna nan. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, haka a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Na san abin da ke ranka, kada a gan ka a ce ka haukace. Yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su karɓi magani su koma bakin sana'arsu. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci. Likitocin ba su da yawa, layi yana da tsawo, don haka ka yi sammako. Tafi da kwalayen duk abin da ka sha, har na gargajiya. Rubuta a takarda yaushe abin ya fara, sau nawa yake zuwa a mako, me kake yi in ya zo, goro da shayi nawa kake sha. In an ba ka maganin da ake sha kullum, ka sani yakan ɗauki makonni kafin ya fara aiki, kada ka watsar a kwana na biyar, kuma kada ka bari rana ɗaya don ka ji sauƙi. Ka tambaya ko suna da mai jinya ta hanyar tattaunawa, in akwai a sa ka a layinsa.